Gida Guda, Kwabo Guda

Ina ciki aka ɗebi ubana soja. Na zo duniya yana bariki, na fara rarrafe yana ƙasar Bama, kafin in yi wayo saƙo ya iso ta bakin dagaci cewa ya rasu a can. Uwata ta yi takaba ta gama, bayan an yaye ni ta yi aure can wajen Doguwa, gindin duwatsu, a gidan da mace ba ta leƙa ko zaure. Ni kuwa aka bar ni hannun kakata ta wajen uba, wadda duk gidan ke kira Iya. A ɗakinta na girma, a wani ƙauye tsakanin Ƙofa da Kiru, cikin gandu mai yawan jama'a da yawan surutu.

Ubana shi ne ɗan farin Iya. Yaran yanzu ba lalle su san nauyin wannan maganar ba. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ma wani ya yabe shi sai ta kau da kai kamar ana zancen ɗan wani gari. Kunyar Iya kuwa ta fi ta kowa, don uwarta daga ruga aka auro ta, kunyar Fulani a nono ta sha ta. Akwai wani mai tallar gishiri da ke zuwa ƙauyenmu, sunansu ɗaya da ubana. Shekara da shekaru Iya na sayen gishirinsa, ba ta taɓa ce masa komai ba sai "kai mai jaki." In dole ta kama a yi zancen ubana, iyakarta ta ce "wancan yaron," ta ci gaba da kaɗin audugarta. Mutuwa ma ba ta sauke mata wannan nauyin ba. An ce ran da saƙon ya zo salati ta yi, ta shiga ɗaki, da la'asar ta fito ta tankaɗe garin tuwo.

Ni kuma Allah ya yi ni da naci da saurin fushi, har yau da na tsufa ban rabu da su ba. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, in san kamannin ubana. Na dami Iya da tambaya har ta gaji da ni.

"Iya, dogo ne ko gajere?"

"Mutum ne."

"Baƙi ne ko yana da haske?"

"Ke 'yar nan, tashi ki ba akuya ruwa."

Sauran mutanen gida ba su fi ta amfani ba. Kakana ya rasu tun ina goye. Ƙaninsa da ke riƙe da gandun, wanda muke ce wa Baba Tsoho, idonsa ya yi yana, in na tambaye shi sai ya ce yaron kirki ne, ya iya huɗa, shi ke nan. Baffannina biyu kuwa yara ne sa'ad da wansu ya tafi, don haka abin da suka manta sai su cike shi da ƙarya. Babban ya ce ubana yana ɗaga jaki da kayansa. Ƙaramin ya ce in ya yi tsawa a gona, sai an ji a Kiru. Na san shirme ne, amma ina zama in saurara, tunda ba ni da wani.

A Ƙafin Maiyaki akwai wani tsohon soja da kowa ke kira Saje, da muƙaminsa na bariki. Shi ma ya je Bama, ya dawo, da kunne ɗaya a toshe da akwatin ƙarfe a kai. Sauran waɗanda suka dawo, wani ya sayi keken ɗinki, wani ya shiga aikin dogari, wani ya koma gonarsa. Shi kuwa Saje sai ya gina ɗaki biyu jikin zaurensa ya shiga tara kayan yaƙi. Yana bin abokan aikinsa gida-gida yana roƙon abin da suka zo da shi. Yana bin tsofaffin gidaje daga Bebeji har Tudun Wada, yana zaro masu da garkuwa daga cikin rufin ɗaki, inda gara ke cin su. Da farko mutane cewa suka yi ƙarar igwa ta taɓa masa kai. Daga baya waɗanda suka yi masa dariyar su ne suka riƙa biyan kwabo suna shiga kallo, musamman da kaka, in an sayar da gyaɗa aljihu ya yi nauyi.

Wata mai tallar koli ce ta kawo labarin da ya hana ni sukuni. Tana baje kayanta a tsakar gidanmu, tana ba matan gida labarin ɗakin Saje, sai ta ce ai har da hoto a jikin bango, na samarin ƙasar Kiru da Bebeji da aka ɗiba soja, an ɗauke su a bariki kafin a sa su a jirgin ƙasa. Aka tambaye ta na wace shekara, ta ce shekarar da aka ɗebi ɗan gidan nan mana. Iya ta ɗaga wani zare ta ce wannan ba shi da ƙwari, nawa za a rage mata.

Ina da shekara goma sha biyu ko sha uku a lokacin. Ba ni da kwabo, in ma ina da shi, ba a barin yarinya ta kama hanyar Ƙafin Maiyaki ita kaɗai don kallon bindigogi. Na haɗiye abin a ciki har kaka ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta shigo.

Bazarar ƙasarmu ba ta da wasa. Kuɗin gyaɗa sun ƙare, an biya haraji, rumbu ya yi ƙasa, rijiya sai an ƙara guga igiya. Ba mai kwabon kallo. Saje ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana korar ƙuda, har ya ga abin ba zai yiwu ba, ya sa mai shela ya zaga kasuwa. Baffa ƙarami ne ya jiyo, ya dawo gida yana kwaikwayonsa da hannu a kunne:

"Jama'a ku saurara! Saje yana gaishe ku! Ya ce daga yau har ruwan shuka ya sauka, gida guda, kwabo guda! Ko ku biyu ne, ko kun kai garke! Amma fa sai da tsohuwar gida a gaba!"

Wannan sharaɗin na ƙarshe yana da dalili. An ce da farko babu shi, sai samarin gari suka riƙa haɗuwa daga unguwa uku, su samo wani dattijo su sa a gaba, su ce gida ɗaya suke. Saje ya ce daga yau ya daina karɓar shaidar namiji, don mai babban gida bai ma san yaran gidansa duka ba, amma tsohuwa ta san kowane kai da ta yi wa wanka.

Baba Tsoho da ya ji, dariya ya yi har da tari. Ya kwance bakin zaninsa na kafaɗa ya fito da kwabo ya miƙa wa Baffa babba, ya ce a tafi duka, har jarirai, har mai tsohon ciki in za ta iya, Saje ya san gida ya zo masa. Gidan ya ɗauki murna. Matan da rabonsu da fita tun bikin bara suka shiga wanke zannuwa da kitso. Sai aka waiwayi Iya, tunda ba tsohuwar gida sai ita.

"Ni?" in ji ta. "Me zan gani a tsummokaran yaƙi? Ku je ku dawo lafiya."

Aka roƙe ta, ta ƙi. Baffannina suka durƙusa, ta ce su tashi kada su ɓata gwiwar wando. Ni ban roƙe ta ba, don na san halinta, in ka matsa sai ta ƙara kafewa. Fushi na yi, na ƙi cin tuwo, na juya mata baya. Ta ce in na ga dama in ƙi shan ruwa ma, randa ta huta. Amma ana gobe kasuwar Ƙafin Maiyaki sai na ga tana jera daddawa a faifai. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, kanwarta ta ƙare, kuma daddawar nan in ta ƙara kwana ba mai saye. Za ta je kasuwa. In ya so ta raka mu ƙofar mutumin nan ta ce mu nata ne, amma kada wanda ya ce mata ta shiga.

Muka fita bayan sallar asuba, don mu ci hanya kafin rana ta buɗe ido. Ban taɓa ganin gidanmu a waje gaba ɗaya ba sai ran nan. Maza a gaba, mata da goyo a tsakiya, yara na kai da kawowa kamar 'yan awaki, jaki ɗauke da tulun ruwa da ƙullin ɗumame. Ko'ina ana sharar gona, hayaƙin kara na tashi, ɗorawa ta nuna tana reto a sama. Masu shara suna dogara fartanya su bi mu da kallo, wani ya ɗaga murya ya ce ina bikin, Baffa babba ya ce ba biki ba ne, gida ne ya fito shan iska. A busasshen rafi muka tarar da matan Fulani suna yasar ruwa a rami, suka gaida Iya da Fulatanci, ta amsa musu da shi, suka ba ta nono a ludayi ta miƙo min. Na sha, amma ban daina fushin ba.

Hantsi ya ɗaga muka isa. Saje na zaune kan benci a ƙofar zaurensa, gajere ne, baƙi, siriri, da tsohuwar rigar kaki da ta sha wanki har ta yi fari, lambobi biyu na lilo a ƙirjinsa. Da ya hango mu sai ya miƙe, ya kare ido da hannu, ya duba farkonmu ya duba ƙarshenmu.

"La ilaha illallahu! Wannan gida ne ko unguwa?"

"Gida ne, Saje," in ji Baffa babba, yana miƙa kwabon da hannu biyu, ƙirji a buɗe.

"To, oda ce, a yi layi! Yara gaba, manya baya! Ina tsohuwar gida?"

Iya ta matso da faifanta a kai. Suka gaisa, ya tambaye ta hanya, ya tambaye ta zafi, ya tambaye ta mutanen gida da aka bari. Sannan ya bi layin yana nuna mu ɗaya-ɗaya da 'yar sandarsa, ita kuma tana ba da shaida. Wannan jikan ƙanin mijinta ne, ɓarawon ƙuli-ƙuli. Wannan matar ɗanta ce, ba ta iya miya ba amma tana da haƙuri. Wancan mai majinar ita ta yanke masa cibiya. Kowa ya samu rabonsa, ana ta dariya, har sanda ta zo kaina.

"Wannan fa, Iya?"

"Tawa ce."

"'Yar wa?"

"'Yar gidan ce."

Saje ya wuce. Da ya gama sai ya juyo da kunnensa mai ji wajenta, ya yi mata tambayar da ashe yake yi wa kowace tsohuwa.

"Iya, kina da wani a soja?"

"Ba ni da kowa," in ji Iya.

Na san al'ada ce. Na san ba za ta iya cewa komai ba sai haka, a gaban maza, a bakin kasuwa. Duk da haka maganar ta soke ni, na ji kamar a gabana aka sake binne shi. Ta juya ta nufi gindin wata ceɗiya da ke tsallaken hanya, ta sauke faifanta ta zauna. Mu kuma aka cire takalma aka shiga.

Ɗakin farko na yaƙin da ne, na zamanin kakannin kakanni. Duhu-duhu, sanyi, da warin tsohuwar fata. Ga garkuwoyi na fatar ɓauna jingine da bango, wata da hudar mashi a jikinta. Ga sulke rataye a turke, ga lifidi da auduga ke leƙowa ta inda ya yage, ga takubba, ga baka da kwari. Saje ya daka wa yara tsawa kada wanda ya taɓa kibiya, dafinta bai mutu ba. Ya ce waɗannan ba kayan sarakuna ba ne, kayan manoma ne irinmu. In mahara suka sauko daga duwatsu, mutum zai ajiye fartanya ya ɗauki wannan, a kora mata da yara da dabbobi cikin ƙafi, wato shingen da ya kewaye gari, a tsaya a bakin ƙofa. Ya ce garuruwan nan da muke gani ba su zauna don an ji tausayinsu ba, tsayawa aka yi. Na ga baffannina sun ƙara tsawo. Ni ma, duk da abin da ke cina, na ji wani daɗi ya ratsa ni, na ce ashe mu ma jikokin wasu ne.

Ɗaki na biyu shi ne na Bama, ya fi haske don yana da taga. Ga hular kwano da ta loɓa a gefe, ga takalman soja masu nauyi da baffana ya ce ko kyauta ba ya so, ga gorar ruwa ta ƙarfe, ga adda, ga bargo, ga kwanson harsashin igwa da ya kai tsawon hannuna. A nan muryar Saje ta sauka. Ya ce daji ne wanda ba ka ganin rana, ruwa ba ya ɗaukewa, matsattsaku na shiga har cikin takalmi. Ya ce inda mota ta kasa, inda alfadari ya ƙi, 'yan ƙasar nan ne suka ɗora kaya a ka suka hau dutse da shi, suka sauke suka yi faɗa, suka kuma yi salla a kan lokaci in an samu hali. Ya ce shi bai tara kayan nan don kwabo ba, ya tara ne don kada wata rana a ce ba a yi ba.

Ni duk wannan da rabin kunne nake ji, don na riga na hango shi. Hoton na rataye a bangon da ke kallon tagar, cikin katako da gilashi, faɗinsa bai fi faifai ba. Na kutsa ta tsakanin ƙafafun manya har na isa gabansa. Samari ne jere layi uku, na gaba a zaune, na baya a tsaye. Kowa da hular dara a kai, kowa da kaki iri ɗaya, an aske su tas. Kowace fuska ba ta fi kan babban yatsa ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina jiran zuciyata ta ce min ga shi, ba ta ce komai ba.

Baffa babba ya tambayi Saje ko ya san sunayensu. Saje ya ce a'a, shi ba rukuninsu ɗaya ba, shi aka fara ɗiba kafin su. Wajen wani abokinsa na Tudun Wada ya samu hoton, shi ma ya rasu bara waccan.

"Ai ba sai an faɗa min ba," in ji Baffa babba. Ya dangwala yatsa a gilashin. "Ga Yaya nan."

Wani ƙato ya nuna, zaune a tsakiyar layin gaba, ƙirji kamar ƙofar rumbu, da gashin baki, fuska a murtuke.

"Haba, ina!" in ji Baffa ƙarami. "Yaya ba shi da gashin baki. Ga shi nan a gefe, dubi kunnuwan, irin na gidanmu ne."

"Kai da kake tsirara lokacin, me ka sani?"

"Kai ɗin wando gare ka?"

Suka kaure da musu, matan gida suka shiga, kowa da nasa. Wata ta ce wancan mai dogon wuyan ne, wata ta ce hancin wannan ya fi kama da nawa, aka kamo haɓata ana juya fuskata ana gwadawa da gilashi. Saje ya bari suka gaji, sannan ya ce a hankali, wannan ƙaton dai kowane gida ya zo sai ya ce nasa ne, ko shekaranjiya wasu daga Bebeji sun sha kuka a kansa. Sai da na girma na gane igiyoyin da ke hannun rigar ƙaton na kofur ne, mai horar da su, wataƙila ma ba ɗan ƙasarmu ba ne.

Na fizge haɓata na fita. Rana ta take, ƙasa na ƙuna, na manta ma da takalmina. Na tsallaka hanya na tsaya a kan Iya. Tana zaune ta miƙe ƙafa, daddawarta na nan yadda ta jera ta, da alama ko tayawa ba ta bari an yi ba.

"Har kun gama?" in ji ta.

"Iya, sun kasa gane shi."

"Wa?"

"Kin sani."

Ta kori ƙuda daga faifai. "Ke dai kin cika fitina. Zauna ki sha ruwa."

Idona ya ciko, amma fushi ya fi hawayen ƙarfi. Na ce mata, da muryar da ba a yi wa kaka magana da ita, "Shi ke nan. Tunda ba mai nuna min, na ɗauki wanda Baffa babba ya zaɓa. Daga yau shi ne ubana, shi zan riƙa gani in na rufe ido, shi zan gaya wa 'ya'yana."

Can ta ce, tana kallon hanya, "Wane iri ne?"

"Ƙato. Mai gashin baki. Fuska a murtuke, ko alamar fara'a babu."

"A murtuke," in ji Iya.

Ta ja tsaki mai tsawo. Ta zauna jim, sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce wa wata mai tallar fura da ke kusa ta duba mata faifan. "Bari in je in koro yaran nan," in ji ta. "Sun samu inuwar banza sun shantake, ga rana tana yi, ga hanya."

Na bi bayanta. Ta cire takalmi a ƙofa, ta wuce ɗakin farko ba ta dubi komai ba. Da ta shiga na biyu musu ya mutu, aka dare mata. Ba ta nufi hoton ba. Ta fara da faɗa, ta ce wa matar Baffa ta gyara goyonta wuyan yaro ya karkace. Ta tsaya kan hular kwano ta tambayi Saje wannan tukunyar fa, me ake dafawa a ciki. Ta taɓa bargo ta ce saƙar ba ta da kyau. A haka, a haka, kamar mai neman hanyar fita, har ta zo daidai bangon. Sai ta tsaya.

Ban san iya lokacin da ta ɗauka ba. Na dai san ba wanda ya yi motsi, jariran ma kamar an gaya musu. Ina gefenta, ina kallon fuskarta, ban ga komai ya sauya ba sai wata jijiya da ke motsi a wuyanta. Ba ta ɗaga hannu ba. Baki ta turo, yadda ake nuna abin da ba a so a nuna da yatsa, can wajen layin baya.

"Dubi wancan," in ji ta. "An ce a nutsu za a ɗauki hoto, kowa ya nutsu, 'ya'yan mutane duk sun kame. Shi haƙora a waje. Dara ma ta zame, ba zai gyara ba." Ta sake jan tsaki, amma wannan bai fita daidai ba, ya karye a tsakiya. "Ba ya ji. Tun yana goye ba ya ji."

Na bi inda bakinta ya nuna. Can layin baya, kusa da gefe, rabin kafaɗarsa a bayan wani. Siriri ne, ba dogo can ba, darar ta sauko masa kan gira ɗaya. A duk hoton shi kaɗai ke dariya. Ba murmushi ba, dariya sosai, irin ta wanda na kusa da shi ya raɗa masa wata magana ya kasa riƙewa. Sau nawa idona ya bi ta kansa ɗazu ya wuce, don ni soja nake nema, ban san yaro zan nema ba.

Baffa babba ya matso ya duba, ya daɗe, sai na ji ya ce, "Wallahi shi ne. Haka yake yi." Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Ƙaramin bai ce ai na faɗa ba, don shi ma ba wannan ya nuna ba.

Ni ban yi kuka ba. Wani abu ne ya cika min ƙirji har na ji rigata ta yi min kaɗan. Za a kai shi inda ba a dawowa, an aske shi, an sa shi a layi, ga ƙato a gaba yana muzurai, shi kuwa yana dariya. Ban taɓa jin alfahari da wani mahaluki kamar yadda na ji da wannan siririn yaron ba, har yau kuwa.

Saje ya dubi hoton, ya dubi Iya, ya dubi ni. Mutumin ƙasar nan ne, ba sai an yi masa bayani ba. Bai ce mata ashe ɗanki ne ba. Sandarsa ya sa a hammata, ya haɗa dugadugansa, ya ƙame, ya sara mata yadda ake sara wa manyan bariki, lambobinsa na kaɗawa.

"Kai, bar wannan," in ji Iya. "Ni ba Bature ba ce."

Bai sauke hannun ba sai da ya ga dama. Sannan ya sunkuyo wajena da kunnensa mai ji.

"Yarinya, ɗazu ban ji da kyau ba. 'Yar wa aka ce?"

Na ɗora yatsana a gilashin, daidai kan darar da ta zame. Na ce, da ƙarfi yadda ko toshasshen kunnen zai ji, "'Yar wannan ce. Mai dariyar."

Iya ta riga ta juya, tana kora yara waje, tana cewa a nemi takalma, wanda ya ɓatar da nasa ya taka ƙasa. Aka fita ɗaya bayan ɗaya ana yi wa Saje godiya. Ita ce ta ƙarshe, ni ina riƙe da gefen mayafinta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayi bangon ba, ba ta kuma dubi Saje ba.

"Malam, rana tana shigowa ta tagar nan tana dukan hoton can," in ji ta. "Ka matsar da shi inuwa, kada ya koɗe."

"To, Iya. Yau ɗin nan."

Ta sa ƙafa ɗaya a takalmi, ta tsaya neman ɗayan da yatsun ƙafa.

"'Ya'yan mutane ne a ciki," in ji ta.